Sawakin: Garin Da Kakanninmu Suka Bi Zuwa Makka

  Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau za mu bar gida mu yi gabas. Gabas sosai fa, har sai ƙasa ta ƙare mun tarar da ruwa. Za mu je wani tsohon gari da ke bakin Bahar Maliya a ƙasar Sudan, sunansa Sawakin. Na san da yawanmu ba mu taɓa jin sunan ba. Amma in a danginku akwai wani kaka ko kakan kaka da ake cewa "ai shi a ƙasa ya je Makka", wato da ƙafa, ko a kan jaki, ko a bayan babbar mota, to akwai kyakkyawan zaton ya kwana a garin nan yana jiran jirgin da zai tsallakar da shi Jidda.

Abin da ya sa na zaɓi Sawakin shi ne wani abin mamaki a tarihinta. Jiragen yaƙin Fotugal sun kai mata hari, ta farfaɗo. An yi shekaru ana gwabza yaƙi a bakin ƙofarta, ba a ci ta ba. Sai da aka samu zaman lafiya sannan ta rushe, cikin lokacin da bai wuce tsawon rayuwar mutum ɗaya ba. Yadda hakan ta faru shi ne labarinmu na yau.

Bari mu fara da inda take. Buɗe taswira a wayarka, ka nemi Bur Sudan, wadda kake ji a labarai ana ce mata Port Sudan. Gangaro kudu kamar kilomita 60. Za ka ga teku ya yi wani siririn wuya ya shigo cikin ƙasa, sannan ya buɗe ya zama kamar tafki. A tsakiyar tafkin akwai ɗan tsibiri kusan zagayayye kamar faifai, wanda daga wannan baki zuwa wancan bai kai kilomita ɗaya ba. Wannan ɗan faifan shi ne tsohuwar Sawakin. A gefensa, kan tudu, akwai ɗaya ɓangaren garin da ake kira Al-Gef, inda kasuwa take kuma ayarin raƙuma ke sauka. Daga nan zuwa Jidda kilomita 300 ne da 'yan kai, ruwa zalla.

Wannan siffa ita ce arzikin garin. Iska da igiyar ruwa ba sa isa cikin tafkin, don haka jirgi yana shigowa ya tsaya lafiya lau. Kuma ruwan yana da zurfi har bakin tsibirin, ta yadda ɗan kasuwa zai iya ɗaure jirgi a bayan gidansa, a shimfiɗa katako, a riƙa sauke kaya kai tsaye zuwa cikin sito.

Sunan ma da labarinsa. Mutanen Sudan suna cewa a nan ne Annabi Sulaiman, alaihis salam, yake ɗaure kangararrun aljanu, wai sunan daga kalmar Larabci ta kurkuku ya samo asali. Har yau in ka ambaci Sawakin a gaban ɗan Sudan, da wuya bai yi maka zancen kyanwowin garin ba, waɗanda ake tsokana ana cewa ba kyanwowi ba ne, mutanen ɓoye ne, in ka ci kifi ka hana su za su yi maka magana. Wannan hira ce ta gari, a ji a yi dariya. Su kuwa Beja, ƙabilar da ke zaune a wannan yanki tun zamanin da, suna kiran garin Osuk, sunan da ake dangantawa da kalmar Larabci ta kasuwa. In ka duba abin da garin ya rayu a kansa, za ka ga nasu sunan ya dace.

To yaushe ta fara? Malamin nan na Yaman, Alhamdani, ya ambace ta tun ƙarni na 10, kuma a lokacin ma tsohon gari ya kira ta. Wajen shekarar 1330 shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a cikinta. Ya tarar tsibirin ba ruwan sha, ba gona, sai an ɗebo ruwa a kwalekwale an kawo. Sarkin garin a lokacin ɗan Sharifin Makka ne, kawunnansa na wajen uwa kuma Beja. Kun ga tun a nan garin yana da ƙafa ɗaya a Afirka, ɗaya a Hijaz.

A wancan zamani Sawakin ba ita ce babba ba. Akwai wata tasha a arewa da ita mai suna Aizab, wadda alhazan Masar da na Magrib ke bi. Tarihi ya kawo cewa sarkin Masar Barsbay ya sa an rushe Aizab a 1426. Da ta faɗi, ciniki ya gangaro Sawakin. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu dawo kansa: faɗuwar wata tasha ce ta ɗaga Sawakin.

A 1517 Daular Usmaniyya ta ci Masar. Ina nufin Usmaniyya ta Turkiyya fa, ba tamu ta Sakkwato ba. Daga nan Sawakin ta shiga hannun Turkawa, har a 1555 suka kafa lardin da suka kira Habash, Sawakin ta zama mazaunin gwamnansa na farko. Kafin nan, a 1541, rundunar jiragen Fotugal ƙarƙashin Estevao da Gama, ɗan Vasco da Gama, ta shigo Bahar Maliya ta afka wa garin. Wani hafsa a cikinsu, Joao de Castro, ya rubuta bayanin abin da ya gani, har ya kwatanta kasuwancin garin da na Lisbon, babban birnin ƙasarsu. Abokin gaba ne fa ya faɗi haka.

Me ake saye da sayarwa? Raƙuma suna tasowa daga Sinnar da Shandi da Barbar da Kasala ɗauke da ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, fatu, zinariya, dawa da man shanu. Jirage kuma suna kawo yadi daga Indiya, da kayan yaji da turare. Akwai kuma haja ɗaya da bai kamata mu tsallake ta ba don kunya, wato mutane. Sawakin tana cikin manyan tashoshin da aka riƙa fitar da bayi daga Afirka zuwa ƙasashen Larabawa. Wani ɓangare na kuɗin da ya gina kyawawan benayen da za mu yi magana a kansu yanzu, daga nan ya fito. In za mu yabi gari, mu faɗi wannan ma.

Yanzu gine-ginen, waɗanda su ne suka yi wa Sawakin suna. Ba da tubali ko jar ƙasa aka gina ta ba, da murjani aka gina ta. Mu mun san murjani a wuyan mata. To a cikin teku wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne ke tara shi shekara da shekaru har ya zama dutse. Magina sai su fasa shi daga bakin ruwa, su sassaƙa, su jera da kwaɓin farar ƙasa, suna saka katako a tsakanin layuka don ya riƙe bangon. In an gama a shafe da farar ƙasa. Gidajen hawa biyu ne, uku, wasu har fiye, farare tas, ta yadda mai zuwa daga teku zai hango gari kamar yana yawo a kan ruwa.

A jikin kowane babban gida akwai tagogin katako da suka turo waje, an yi musu sassaƙa da ƙananan ƙofofi, ana kiransu roshan, jam'i rawashin. Iska tana shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Ƙasa wurin baƙi ne da kaya, kamar zaurenmu, sama kuma na iyali. Duk wanda ya je Umara ya shiga Balad a Jidda sayayya ya ɗaga kai, ya ga irin waɗannan tagogi. Gini ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Bambancin shi ne tsohuwar Jidda ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014, ita kuwa Sawakin tun 1994 take cikin jerin masu jiran layi.

Ganiyar garin ta ƙarshe ta zo ne a ƙarni na 19. A 1865 Turkawa suka miƙa ta ga Isma'il, mai mulkin Masar. A 1869 aka buɗe mashigin ruwan Suwez, Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jirage tsakanin Turai da Indiya. Kuɗi ya shigo. Aka gina ofishin kwastan, aka gyara masallatai, 'yan kasuwa daga Masar da Hijaz da Indiya da Girka suka buɗe shaguna. A 1877 Gordon, Baturen Ingila da ke gwamnan Sudan a ƙarƙashin Masar, ya sa aka cike ruwa aka yi hanya ta haɗa tsibirin da tudu. A 1881 wani attajiri, Shinnawi, ya gina katafaren masaukin fatake wanda ake cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

A wannan shekara ta 1881 ne Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi, Sudan ta kama da wuta. Wanda ya riƙe masa gabas ɗan Sawakin ne, Usman Digna, ɗan kasuwa wanda har cinikin bayi ya taɓa. Ya tara mayaƙan Beja, musamman Hadandawa, masu tarin suma da takobi da mashi. A watan Fabrairun 1884, a wani wuri da ake kira At-Teb, mutanensa kamar 1,000 suka tarwatsa rundunar Masar ta sojoji wajen 3,500. A watan Maris, a Tamai, suka kutsa cikin sahun sojojin Ingila, abin da ba a saba gani ba, ko da yake a ƙarshe bindiga ta rinjayi mashi, an kashe musu mutane da yawa. Ingila ta kwaso sojoji daga Indiya, har daga Ostireliya aka kawo wasu a 1885. Suka fara shimfiɗa layin dogo daga Sawakin zuwa Barbar, suka yi kamar kilomita 30 suka watsar. Khartum ta faɗi a Janairun 1885, amma Sawakin ba ta taɓa shiga hannun mutanen Mahadi ba. Kitchener, wanda ya yi gwamna a nan daga 1886, ya ƙarfafa ganuwar garin, ƙofar da ke ɗauke da sunansa tana nan har yau. Usman Digna kuwa sai a 1900 aka kama shi, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926.

To yaƙi ya ƙare. Kowa zai zaci yanzu gari zai huta ya bunƙasa. A nan ne labarin ya juya. Jiragen zamani masu inji sun yi girma. Siririn wuyan nan da ya kare Sawakin daga iska shekaru aru-aru, yanzu ya zama matsala, ga ƙunci, ga duwatsun murjani a gefe da gefe, babban jirgi ba ya iya juyawa. Ruwan sha ma bai wadata ba. Turawan da ke mulkin Sudan suka duba suka ga gyaran zai ci kuɗi, gara a sake sabon wuri. Suka zaɓi wani mashigi a arewa da ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara aiki a 1905, aka buɗe tashar a 1909, aka sa mata suna Port Sudan. Abin da Sawakin ta ci a kan Aizab, shi Bur Sudan ta ci a kanta.

Ba a kori kowa ba. Kwastan ya tashi, banki ya bi shi, kamfanonin jirage suka bi, 'yan kasuwa suka kulle gidajensu suka bi kuɗi. Kafin shekarun 1920 su ƙare tsibirin ya zama kusan kango. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a Sawakin maganar nan ta tabbata a zahiri. Dutsen murjani yana da ƙofofi kamar soso. Muddin ana sabunta shafen farar ƙasa, zai yi ɗaruruwan shekaru. Ranar da aka daina, danshin teku da gishiri su shiga, katakon da ke cikin bango ya ruɓe, ruwan saman da suke samu a lokacin sanyi ya sami rufi a tsage ya zauna. Sai bango ya kumbura, wata rana ya zube. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Shekara biyu ka tsallake yaɓe, ka bar indararo a toshe, damina za ta nuna maka.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ita ma mun san ta. Gidajen nan na gado ne. Mai gida ya rasu, 'ya'ya sun gada, jikoki sun gada, wasu suna Bur Sudan, wasu Khartum, wasu Jidda, wasu Alƙahira. Kowa yana da kaso, ba wanda zai zuba kuɗinsa shi kaɗai a gidan da ba ya kwana a ciki, ba kuma wanda zai yarda a sayar. Gwamnati ta ce dukiyar mutane ce. Haka aka yi ta kallo. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya riƙa zuwa a shekarun 1940 da 1950 yana auna gidajen yana zana su ɗaya bayan ɗaya, littafinsa ya fito a 1976. Yau yawancin abin da ya zana, a takardar kawai ya rage. Ba don mutum ɗaya ya ɗauki fensir da ma'auni ba, da ko kamannin gidajen ba mu sani ba.

Yanzu mu zo kan namu. A zamanin da, manyan alhazan Afirka ta Yamma ta Sahara suke bi su ɓulla Alƙahira, kamar Mansa Musa a 1324. Daga baya hanyar gabas ta fi ƙarfi, wadda ke bi ta Borno, Wadai, Darfur, Kordofan, a tsallake kogin Nilu, a ɓulla bakin teku. Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Burckhardt, ya iso Sawakin a 1814 cikin ayarin da ya taso daga Shandi, kuma a ayarin akwai mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takruri, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal. Kalmar nan Takari da ake kiran 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da ita, to kun ji asalinta.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa hanyar ta ƙara cika. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin yana nan har gobe. Bayansu talakawa suka yi ta bi. Mutum zai taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya bi Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, har Ubayyid inda zai sami jirgin ƙasa in yana da kuɗi. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, ko dako, ko wanzanci, ko koyar da allo. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun mutanenmu ya yi aiki sosai a ciki. Wani tafiyar ta ɗauke shi shekara biyu, wani bakwai, wani a hanya aka haife shi, a hanya ya yi aure.

Ga abin da ya fi taɓa ni a labarin. Lokacin da banki da kamfanoni suka gudu, hukuma ta bar tashar alhazai da wurin killace su don duba lafiya a Sawakin. Wato a shekarun da benayen nan ke zubewa ɗaya bayan ɗaya, baƙin da suka ci gaba da raya garin kowace shekara su ne mahajjata, kuma kaso mai yawa a cikinsu namu ne. A nan ake duba takardu, a yi allurar rigakafi, a biya kuɗin jirgi. Wanda ba shi da takarda ko kuɗi sai ya bi 'yan fasa-ƙwauri, su saka shi a jirgin katako mai tafiya da iska, wanda ake kira sambuk, cikin dare, ko ya zagaya ta Masawa a Eritiriya. Wasu sun isa. Wasu ruwa ya ci su. Wasu an sauke su a bakin hamada aka ce ga Jidda can. Wasu kuma, musamman yara, sayar da su aka yi, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. In wannan ya yi muku kama da labaran da muke ji yau na ejan da biza da hanyar Libiya, to ba ku yi kuskure ba.

Da yawa ba su tsallaka ba, ba su kuma dawo ba. Su ne tushen Hausawan da ke Kasala da Gadarif da Damazin da Bur Sudan a yau. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya yi bincike a cikinsu ya fitar da littafi a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda a Sudan aka haife su, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta awoyi. Sawakin ta sake rasa baƙinta.

To in Allah ya kai ka yau, me za ka gani? Za ka shiga ta Ƙofar Kitchener, ka ratsa kasuwar Al-Gef, inda za ka ga Beja da fararen kaya da 'yar shara, wasu da takobi a kafaɗa. Ka zauna a ba ka jabana, gahawar da ake dafawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ana zubawa a ƙananan kofuna. Ka ci soyayyen kifin da aka kamo da safe, kyanwowin nan suna zuba maka ido. Sannan ka taka hanyar da Gordon ya cike ka shiga tsibirin. Akwai masallatai biyu masu hasumiya, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da ofishin kwastan, waɗanda hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya, TIKA, ta gyara. Akwai kangon banki da na gidan gwamna. Sauran kuwa tudun fararen duwatsu ne, nan da can ka ga bango ɗaya tsaye, ko bakin ƙofa mai ado ba gida a bayansa.

In kana da lokaci, ka hau duwatsun Arkawit da ke yamma, sama da mita 1,000 daga bakin teku, inda ake samun sanyi da hazo, a can kabarin Usman Digna yake. Masu son ruwa kuma, a arewa da Bur Sudan akwai Sanganeb, gandun murjani a tsakiyar teku da UNESCO ta sa a jerinta a 2016. Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da bazara zafi yana wuce digiri 40, ga danshi.

Garin bai mutu gaba ɗaya ba. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigin, aka sa mata sunan Usman Digna. Daga nan jiragen fasinja ke kwana ɗaya a ruwa su isa Jidda, daga nan kuma ake fitar da dabbobi. Wataƙila kun tuna labarin watan Yunin 2022, da wani jirgi ya nutse a tashar da tumaki wajen 15,800, alhali 9,000 ya kamata ya ɗauka. A Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da Umar Albashir, aka sanar cewa Turkiyya za ta sake gina shi. A 2018 aka yi maganar yarjejeniyar dala biliyan 4 da Katar don tashar. Masar da Saudiyya suka ɗaga kunne, suna zargin sansanin soja ake shirin kafawa. Aka kifar da Albashir a Afrilun 2019, maganar ta yi sanyi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, gwamnati ta koma Bur Sudan, ita ma a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai mata hari. Don haka ba cewa nake ku ɗauki jaka gobe ba. A bari ƙura ta lafa tukuna.

To mu fa? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga yadda Zungeru ta koma bayan an mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917. Muna ganin badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ana yanka ta ana fitar da filoti. A kowane tsohon birni namu akwai gidan gado mai zaure da dagi a goshi, wanda magada ashirin suka kasa haɗa kuɗin yaɓensa. Ba sai mun jira wata ƙasa ta zo ta gyara mana ba, kun dai ga inda jiran ya kai Sawakin.

Ga aikin da nake roƙonku a wannan mako, kuma ba ya cin ko sisi. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko unguwarku da ya je Makka a ƙasa, ko iyayensa suka je, ko yake da 'yan'uwa a Sudan, je ka gaishe shi, ka nemi izini, ka kunna rikoda a wayarka. Tambaye shi garuruwan da suka bi, sana'ar da suka yi a hanya, wa ya rasu a ina, wa ya tsaya bai dawo ba, a wace tasha suka hau jirgi. Ka rubuta sunayen. Waɗanda suka yi tafiyar nan da ƙafarsu saura ƙalilan, kuma ba a kan takarda labarin yake ba, a bakinsu yake. Haka in akwai tsohon gini a unguwarku, ɗauke shi hoto ciki da waje, ka tambayi wanda ya gina da shekarar da aka gina. Greenlaw da fensir ya yi nasa, mu kuwa kowa da kyamara a aljihu. Wanda ya samo wani abu ya turo mana, in sha Allahu za mu ware shiri guda mu karanto su.

'Yan'uwanmu na Sudan da ke bin shirin nan, musamman na Bur Sudan da Kasala da Mai Wurno, muna gaishe ku, muna kuma jiran naku labarin, domin kun fi mu sanin garin nan. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar ɗakinsa, na tudu da na ruwa.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum warahmatullah.